Ni Na Lulluɓe Injin Da Bargo, Wani Ya Ɗauki Laifin

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don girman Allah ka sakaya sunana, ka san unguwarmu Sabo, ko tari mutum ya yi sai an gane na waye. Ni ba yarinya ba ce, na aurar da 'ya'ya har da jikoki, amma akwai abin da yake ci na a rai tun 1998, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Don Allah ku ba ni shawara.

Maigidana mai gyaran rediyo ne a nan Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, tun shekarun tamanin. Wajen 1996 sai son kwamfuta ya kama shi kamar ciwo. Yana da amini Bayarabe, Baba Rasaki, mai aikin wayarin na lantarki, su biyun kwano ɗaya suke ci. Su ne bin ofisoshin da suke zubar da tsofaffin kwamfutoci, su kwaso matattu, su farke uku su tayar da ɗaya. Kafin ka ce kwabo falona ya koma shago, inji huɗu, wayoyi sun bi bango sun haɗa su. Akwai wata babba a ƙarƙashin tebur, ko allo ba ta da shi, yana kiran ta saba, ya ce ita ce rumbun, duk abin da sauran suke nunawa a cikinta yake, kuma ba a kashe ta. Baba Rasaki ne ya haɗa mata sitabilaiza da hannunsa saboda wasan da wuta take yi. Na yi mita har na gaji, ita ko fankarta tana ta gurnani dare da rana.

To ga inda abin yake. Surukata, Inna, tana can Arewa, ba ta rubutu, sai dai ta yi magana a kaset ta ba direbobin da suke sauke kaya a tashar Ojoo su kawo. Kun san damshin Ibadan, kaset ba ya daɗewa sai ya yi fumfuna. Shi ne Maigida ya zauna ya juye su kaf cikin sabar nan. Inna ta rasu a 1997, kasakasan kuma suka lalace ya zubar, ya ce ai ba komai, Inna tana cikin saba. Duk Juma'a in ya dawo masallaci sai ya kunna, mu ji ta tana cewa, "Yaron nan, kana cin abinci kuwa?" Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ya yi dariya, ya goge ido.

Shekara ta zagayo ya tafi gida rabon gado, kwana biyar. Abin da ya ce min kawai, kar in kashe sabar. A tsakanin nan haihuwar ƙanwata ta cika kwana bakwai, aka ce a gidanmu za a yi taron suna. Ni kuma kunya ta kama ni, mata su cika falo su ga wannan tarkace? Sai na ɗauko bargona mai kauri na aure na lulluɓe sabar ruf har ƙasa, na shimfiɗa leshi a kan teburin, na jera kwanuka. Har daɗi na ji da gurnanin ya ragu. Wallahi ban san tana shan iska ba, ni gani nake na yi gyara. Aka watse suna, gajiya ta sa na manta, kwana uku tana ciki. Na ji ƙaurin roba na ɗauka shara maƙwabta suke ƙonawa. Ranar da zai dawo na yaye bargon, jikinta zafi kamar tukunyar da aka sauke, kuma shiru. Na yi maza na ninke bargon na tura ƙasan akwati.

Da ya dawo ya yi iya yinsa, ta ƙi tashi. Ya tambaye ni ko wuta ta yi wasa, na ce eh, an yi ta kawowa ana ɗaukewa. Ba ƙarya na yi ba, amma Allah ya sani ba gaskiyar ke nan ba. Nan take ya ce sitabilaizar Baba Rasaki ce ta cuce shi. Aka kira shi, ya zo ya buɗe injin a gabana, ya ce zafi ne ya kashe faifan ajiyar, ba wuta ba. Maigida ya hau shi da faɗa, wai yana kare aikinsa ne, har ya ce masa da ma can bai iya komai ba sai cika baki. Ina tsaye bakin ƙofa na ga Baba Rasaki ya zaro wani abu daga cikin fankar, zaren bargona ne, ja. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya cusa shi a aljihu. Sai ya ce wa Maigida ya yi haƙuri, laifinsa ne. Ya kwashi kayan aikinsa ya fita, bai sake taka gidanmu ba.

Maigida ya kai faifan har Legas, aka ce ba ya tasowa. Ya tattara injinan ya zuba a buhu, har yau suna bayan ɗaki. Ya daina maganar kwamfuta, Juma'a kuma in ya dawo sai ya wuce ɗaki. Wata rana ya ce min ya fara manta yadda muryar Inna take, na shiga banɗaki na yi kuka har na gode Allah. Sau nawa na buɗe baki zan faɗa, tsoro ya hana ni, tun ina tsoron saki har na koma tsoron idonsa kawai. In na haɗu da Baba Rasaki a kasuwar Bodija, shi yake fara gaishe ni, ya tambayi Oga da yara, bai taɓa ko nuna min a fuska ba. Wannan ya fi duka ciwo.

Shekaranjiya matarsa, Iya Rasaki, ta zo har gida. Ta ce jikin mijinta ya yi tsanani, ba ya ko tashi, kuma ba ya kiran kowa sai amininsa. Maigida ya ce Allah ya ba shi lafiya, amma shi ba zai iya kallon wanda ya raba shi da muryar uwarsa ba. Shi ma yanzu hawan jini gare shi, likita ya ce a kiyaye ɓacin ransa.

Jama'a ina cikin baƙin ciki, na rasa inda zan sa kaina. In na faɗa, ina tsoron abin da zai same shi, da yadda zai dube ni bayan duk shekarun nan da nake zuba masa abinci da wannan a cikina. In na yi shiru, bawan Allahn da ya rufa min asiri zai tafi da laifin da ba nasa ba, kuma ni zan amsa a gaban Allah. In fara zuwa wajen Baba Rasaki in nemi gafara, ko in tari Maigida kai tsaye? Da wane baki zan fara? Bargon yana nan ƙasan akwati, yau da safe na fito da shi na ajiye a kan gado. Don Allah ku amsa min da wuri, Iya Rasaki ta ce ko ruwa ya daina karɓa.