Maɗorin da Ka Turo da Sunan Inna

Chaza, Suleja

Yaya Nu'uman,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da yara. Ni ma da sauƙi, alhamdu lillahi, ko da yake har yau ƙafar ba ta taka ƙasa ba.

Yaya, raina a ɓace yake. Da na faɗo daga kan gini a Abuja, na gaya maka likita ya yi mini aiki a dunduniya, ya haɗa ƙashin da ƙarfe da kusoshi. Ya ce kada kowa ya taɓa ɗinkin, don wurin ba ya saurin warkewa. Duk da haka ka turo mini maɗori tun daga gida, wai Inna ce ta aiko shi. Ka san ba zan iya korar ɗan aiken Inna ba.

Maɗorin ya kwance bandejin, ya murza wurin da man shanu, ya ɗaure da kara. Kwana huɗu ɗinkin ya farke, mugunya na fita, har ana hango ƙarfen. Likita ya ce in ciwon ya kai ƙashi sai an sake yanka ni, wataƙila ma abin ya wuce haka.

Jiya Inna ta kira ni. Ashe ba ta ma san an turo kowa ba! Na ce mata ina samun sauƙi, kai ma haka za ka ce mata, don ta ci gaba da yi mini addu'a.

Allah ya bar zumunci. Amma in na rasa ƙafar nan, kai za ka gaya mata da bakinka.

Ƙaninka,
Gwadabe