Kwano Mai Jan Fenti

Yalwawa, Dutse.

Zuwa ga Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali a can Fatakwal. Allah ya ƙara rufin asiri. Mu nan ƙalau muke, ɗana Kamilu ya shiga aji uku, gyaɗar Buji ma bana ta yi kyau.

Yaya, raina a ɓace yake, kuma har da kai a ciki. Shekara uku ƙanwarmu Afra'u tana shan maganin ƙanjamau ba fashi, ta haifi Musaddiq, aka gwada shi ba ya ɗauke da cutar. Da ta je wankan jego gida Buji, sai Inna ta samo jan fenti ta shafa wa kwanon Afra'u da moɗarta, wai kada yara su ɗauka. Duk matar da ta shigo barka sai ta tambayi dalilin jan nan.

Da na je, na tarar da ita kwance ta juya wa ɗaki baya, yaro na tsala kuka ko motsi ba ta yi ba. Ba ci, ba magana, ƙwayoyinta kwana goma sha ɗaya ba ta taɓa su ba, alhali tana shayarwa. Da ƙyar ta ce min ba ta ga amfanin ranta ba. Kai kuma ka bugo waya wai iska ce, a kai ta ruƙiyya! Addu'a kam muna yi, amma wane aljani ne ya shafa fentin?

Na taho da ita wurina. A asibiti sun ce ciwon damuwa ne, yana da magani, kuma in ta ci gaba da barin ƙwayoyin yaron zai iya kamuwa ta nono. Ta koma sha, amma sai na tsaya a kanta. Na yi wa Inna bayani har na gaji cewa ba a ɗauka ta kwano, ta ce ita sai abin da Sale ya ce.

To, ka zo da Sallah ka ce. Kwanon yana wurina, ban kankare fentin ba. A cikinsa zan zuba maka tuwo, ka ci a gaban Inna, Afra'u tana kallo.

Ka gaishe min da Anti Nusaiba da Abdulhakim da Ummi. Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Adama