Firigon Lahadi Ba Ya Hutawa

Malama, ki gafarce ni da zan ɗora miki damuwar da ni kaina nake jin kunyarta. Don Allah ki taimake ni.

A garinmu, kusa da Ɗan Kassari, kuran, wato wutar lantarki, na sola ne, da manyan batura masu ajiye wuta don bayan faɗuwar rana. Bana baturan sun gaji. Illo, mai kula da su, yakan yanke layinmu da magariba, ya bar na likita, wato asibitin garin, saboda allurai masu buƙatar sanyi. To gidan maƙwabciyata Lahadi a layin likita yake. Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninmu. Kirista ce, amma ita ta yi mini wankan jego. Mu duka ƙanƙarar lamurje muke saidawa. Tawa ta kwana ruwa, tata kamar dutse. Ina jin gurnanin firigonta, wato firij, ta katanga, wallahi kamar a ƙirjina yake yi.

Ran nan ta aiko mini da dambu, na mayar da kwanon wayam, ko gyaɗa ban sa ba. Har na ce a raina, Allah ya sa wutarsu ma ta ɗauke. Bayan kwana uku zafi ya tsananta, baturan suka tsaya cak, sai a babur aka kai allurai Dogon Dutsi. Na yi karatun allo, na san hassada na cin lada. Bakina ne ya jawo? Ki amsa mini da wuri.

Baiwar Allah, daga Arewa

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Irin waɗannan batura in zafi ya yi musu yawa sukan kashe kansu don kada su lalace. Bakinki bai kai can ba. Haushinki kuma da dalili, sana'arki ce ke narkewa. Amma Lahadi ba ita ta ja waya ba, Illo kuwa ya yi daidai da ya fifita allurai.

Ki yi istigfari kan abin da kika raya. Ki riƙa daskarar da lamurje tun da hantsi, lokacin da rana ke ba da wuta, ki rufe da buhu. Ku matan layin ku tambayi kwamitin wutar garinku yaushe za a canza baturan.

Kwanon nan ne laifin da ya tabbata. Ki cika naki ki kai da ƙafarki, ki roƙe ta gurbi a firigonta. Wadda ta dafa miki ruwan jego ba za ta hana ki sanyi ba. Allah ya wanke zuciya, ya sa albarka a sana'arku.