Tumbin Injiniya a Gilashin Akwati

Daren Laraba, Kambarawa

Ni ne Babban Injiniyan Katsina da kewaye, wanda in ya yi tari famfo ke kawo ruwa. Yau an ci mutuncina.

A shagonmu muna haɗa akwatin da ke kashe injin burtsatse in tanki ya cika. Yaya Sani, da mutane ke ce wa Injiniya, ba ya rubuta umarnin akwatin da hannu. Gidaje da kibiyoyi yake zanawa a kwamfuta, ya danna, ita ta rubuto komai. Kullum sai ya ce, "Kai da allo kaɗai ka sani, kar ka taɓa."

To, na taɓa. Na sauya saƙon da gilashin akwatin ke nunawa a cikin rubutun, amma da ya sake dannawa sai ta wanke shi tas kamar allo. Ashe zanen ne uwa. Can na koma na sauya saƙon.

Yau ya kai wa wani Alhaji akwati Batagarawa. Ruwa na cika, gilashi ya nuna: "Tanki ya cika kamar tumbin Injiniya." Alhaji ya yi ta dariya. Yaya ya dawo yana huci: "Ko ka ba ni haƙuri gaban Inna, ko ka bar shagon!"

Wallahi ba ni bayarwa. Injin ya tsaya kan lokaci, tumbin kuma ba ƙage na yi mishi ba. Gobe ina shago.

Af, ba wani Babban Injiniya. Ni Hamisu ne, autan Inna, kuma mukullin shagon na aljihuna.