Yajin Barakatu Ba na Barakatu Ba Ne

Ƙauran Namoda,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Yaya Kulsumu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da mutanen Zurmi. Yaya 'yarki Hamida da jego? Allah Ya raya.

Saƙonki ya iso, kuma ya ƙona mini rai. Wai kin saya wa Hamida yajina kin tarar rabinsa dusa ce, har kina tambaya ko na fara ha'inci. Haba Yaya! Ni da Inna ta koya wa daka? Wannan yajin ban taɓa ko ganinsa ba, aikin Labbo ne.

Kin san shi, mai shagon nan na kasuwar Shinkafi da ya daɗe yana sarar yajina. Tunda ba fita nake yi ba, shi nake aikawa Gusau ya bugo mini leda mai sunana. Bara na hana shi kaya saboda na kama shi yana farke leda yana ƙara garin masara. Ashe zomo na kora zuwa gonar wake. Ya sayi injin niƙa, ya ci gaba da bugo ledar, yana ɗura abin da ya ga dama. Yanzu har lauya ya turo, wai in daina sayar da Yajin Barakatu don ya yi wa sunan rajista. Ni, Barakatu! Maigidana ya kai ƙara wurin shugaban kasuwa, Alhamis za a zauna.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Barakatu.

Ƙauran Namoda,
Ranar Asabar.

Yaya Kulsumu,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Ni dai jiki lafiya, zuciya ce babu daɗi.

An zauna, har ni na je. Da aka tambayi Labbo inda ya samo sunan, ko kunya babu ya ce na 'yarsa ne. Yaya, yarinyar nan takwarata ce! Lokacin da muke ɗasawa ya yi mini kara ya sa mata sunana. Ni na ɗinka mata kayan suna, na kai turmin atamfa da 'yan kunne, kowace Sallah sai na yi mata ɗinki. Ita ya jawo gaban dattawa da sabon hijabi a matsayin hujja. Tana hango ni ta sheƙo ta rungume ni.

Shugaban kasuwa ya ce ya san gaskiya, amma takardar gwamnati ta fi ƙarfin kujerarsa, sai dai kotu. Labbo kuwa har da tayin sulhu, wai in riƙa daka masa yana biyana lada. Kura za ta ba mai akuya aron igiya!

Na buɗe baki zan ce Allah Ya tsine wa Barakatun Labbo albarka, sai na ji hannun yarinyar cikin nawa. Dole na haɗiye, don yajinsa nake nufi amma a kanta tsinuwar za ta sauka. Wannan ya fi komai ci mini rai, ya ƙwace sunan, ya kuma hana ni ko Allah ya isa mai daɗi.

Kotu za mu je, ko zan sayar da awakina. Kafin nan ga ƙulli biyu na ba direban Zurmi ya kawo wa Hamida, cikin farar leda. Ki faɗa wa matan unguwarku, wanda duk suka ga sunana a jikinsa, ba nawa ba ne.

Taki har kullum,
Barakatu.