Kunya Huɗu da Gonar Ubana

Zuwa ga mai girma Hakimi, ranka ya daɗe. Gaisuwa da biyayya daga talakanka Audu ɗan Bawa, manomi. Malamin unguwarmu ke rubuta wannan wasiƙa ina faɗa masa, kuma na roƙa a karanta ta a kasuwa kafin ta iso gare ka.

Na farko. Shekara uku ke nan ina tarin fuka, har da jini. Bara a watan Rajab ciwon ya hau kaina, ya zauna a bayan idona na hagu. Idon ya turo waje, ƙashin ƙarƙashinsa ya huje, yana tsiyayar mugunya har yau. Wanzami ya kafa ƙaho sau biyar, ya ce ya yi iyakar iyawarsa.

Na biyu. Tun daga nan komai biyu nake ganinsa. Matata ɗaya, sai in ga biyu, abincin dai bai ƙaru ba. Tsakanina da maƙwabcina Tanko layin gamba ne iyaka. Ranar huɗa na ga layi biyu, na bi na nesa, na shiga gonarsa da kunya huɗu. Ban musa ba. A gaban jama'a na ce ya ɗauki abin da ya tsiro a kai.

Na uku. Dagacinmu bai dubi idon ba, ya ce warinsa ya ishe shi daga nesa. Ya yanke cewa cin iyaka na yi da gangan. Ya karɓe gonar ubana gaba ɗaya, mai ba da dami arba'in na dawa, ya ba surukinsa. Ko Tanko bai nemi haka ba.

Ban yi kuka ba, ban kuma yi fushi ba. Na nemi fushin a raina ban same shi ba. Zaune nake kawai, na ɗaure idon da tsumma. 'Ya'yana uku ƙanana ne, ba wanda ya san inda gonar ta fara da inda ta ƙare.

Roƙona ɗaya. Idon dama ma ya fara duhu. A aiko wakili ya mayar mini da gonar kafin ruwan shuka, tun ina iya nuna wa 'ya'yana iyakar da hannuna. In aka wuce haka, ko an mayar mini, sai dai a gaya mini ita ce.

Allah ya ja zamaninka, ya kiyaye maka ganinka.

Wassalam.