Ranar da Baba Ya Fito da Tambari

Zuwa ga Yaya Bunyuen a Rangun,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kai da iyali kuna lafiya, aikin katako kuma yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau. Kowace safiya Inna tana kai wa sufayen haikali sadakar shinkafa da sunanka, tana roƙa maka tsawon rai.

Yaya, Sarki ya dawo! Shekara ashirin da bakwai ke nan da aka rushe sarautarmu aka tafi da shi Bankok, sai yanzu da tsufa ya cinye shi suka bar shi ya zo gida. Gwamna ya aiko cewa ba kiɗa, ba durƙuso, wanda ya saɓa zai kwana a ɗaure. Ashe Babanmu, tsohon makaɗin Sarki, bai ƙona tambarin fada ba kamar yadda ya rantse wa hukuma, a ƙarƙashin rumbu ya binne shi. Ya tono shi, ya sa masa sabuwar fata. Inna ta yi ta faɗa, wai tsohon banza zai mayar da ita gwauruwa saboda ganga. Ya ce da ita ai gangar ta riga ta shigowa gidan.

Da jirgin ƙasa ya tsaya, wani ɗan tsoho ya sauko cikin kwat, ashe Sarki ne. Tasha cike maƙil, amma tsit kake ji. Sai Baba ya saki kiɗa. Mutane suka zube ƙasa, har 'yan sanda biyu. Sarki ya tsaya, ya kira Baba da sunansa, ya ce Inta, har yanzu kana gaggawa a bugu na uku? Baba yana kuka ya ce ranka ya daɗe, kai ne ka yi nawa. Sarki ya yi dariya har da tari.

An tsare Baba kwana uku. Sarki da kansa ya taka da sanda zuwa ofishin 'yan sanda, ya zauna a dakalin ƙofa, ya ce ba zai tashi ba sai da makaɗinsa. Dole aka saki Baba, suka taho tare, kowa na riƙe da ɗan'uwansa kada ya faɗi.

Ka zo kafin damina in kana son ganin Sarki, jikinsa ba ƙarfi. Ka gaida Anti Saengda da su Kaeo. Inna, Kawu Pan da Baba duk suna gaishe ku.

Ƙanwarka,
Fongkham